Yadda ake cin moriyar yini guda a tsibiri ba tare da jirgin ruwa ya tafi ya bar ka ba

Jirgin yawon shaƙatawa yakan iso tsibiri da safe, wajen ƙarfe 7 ko 8, ya ɗaga da la'asar wajen 4 ko 5. In ka cire layin sauka, da zaman mota, da dawowa da wuri, sai ka tarar abin da ya rage a hannunka bai wuce awa biyar ko shida ba. Na sauka a irin waɗannan tashoshi sau da dama, galibi a tsibiran Karebiyan, wasu kuma a tekun Fasifik, kuma kuskuren da na fi gani wurin sabon shiga ɗaya ne: yana tsara ranarsa daga safe zuwa yamma. Ni daga yamma nake farawa in yo baya, domin jirgi ba ya jiran wanda ya fita yawon kansa ya makara. Kusan duk abin da zan faɗa a kan wannan ya ratayu.

Kayan da za ka fita da su

Katin jirgi. Shi ne makullin ɗakinka, kuma shi ake dubawa a na'ura lokacin fita da lokacin shiga. Da shi ne ma'aikata suke sanin wanda bai dawo ba.

Shaida mai hoto. Tashoshi da yawa ba sa barin ka shiga harabarsu da katin jirgi kaɗai. Game da fasfo kuwa, matafiya sun rabu biyu: masu fita da shi, da masu barin sa a akwatin ajiya na ɗaki su fita da kwafi. Ni ina barin sa in fita da kwafi da wata shaidar, sai fa in an sanar cewa dokar ƙasar ta ce a riƙe shi, ko kuma zan yi nisa da tasha sosai.

Agogon hannu na da, mai allura, wanda ba ya haɗuwa da intanet. Da tsohuwar zuma ake magani. Za ka ga dalili a mataki na 3.

Takardar shirin yini da ake kawowa ɗaki da dare, ko ake sakawa a manhajar jirgi. A cikinta akwai lokacin rufe ƙofa, da suna da lambar wakilin jirgi a wannan tashar. Ɗauki hotonta, sannan ka rubuta lambar a takarda, saboda batir yana iya mutuwa.

Kuɗi: ƙananan takardun dalar Amurka, na 1 da 5 da 10, da katin banki guda ɗaya. Sauran ka kulle su a ɗaki.

Gorar ruwa, man kariya daga rana, malafa, baƙin tabarau, da riga mara nauyi mai dogon hannu.

Takalmin roba mai rufe yatsu wanda ake shiga ruwa da shi. In babu, tsohon kambas ya wadatar. Silifas ba ya riƙe ƙafa a kan dutse mai santsi.

Tawul. Jirage da yawa suna ba da aro a bakin wurin wanka, amma suna rubuta shi a katinka, in bai dawo ba su caje ka.

Jakar da ruwa ba ya shiga don waya da kuɗi. In ba ka da ita, leda mai zif guda biyu, ɗaya cikin ɗaya.

Magungunanka na kullum na kwana biyu, ba na yini ɗaya ba, da maganin jiri, da man sauro.

Akwai kuma abin da ba a fita da shi. Duk tufa mai roɗi-roɗi irin kakin soja haramun ce ga farar hula a Barbados, Jamaika, Sen Lusiya, Giranada da Tirinidad, kuma ba a ware gajeren wandon yara ko jaka ko hula ba. 'Ya'yan itace da nama daga ɗakin cin abinci su ma ba a sauka da su, don tsibirai suna tsoron kwari da cututtukan shuka, kuma a wasu tashoshin da karnuka ake shinshina jakunkuna. Sarƙar gwal da agogo mai tsada su yi zamansu a ɗaki.

1. Tun kana gida

Ka bi jerin tashoshin ɗaya bayan ɗaya ka gano ƙasar da ke mulkin kowace, domin taswira tana ruɗarwa. San Juwan da Sen Tomas ƙarƙashin Amurka suke. Matinik da Gwadalub yankunan Faransa ne. Aruba da Kurasawo na cikin masarautar Holan. Giran Kayman ta Birtaniya ce. Tsibirin Sen Martin ma gida biyu ne, kudu na Holan, arewa na Faransa. Wace biza kake buƙata, fasfo ɗinka ne zai nuna, kuma alhakin binciken a wuyanka yake. Kada ka ce ai a tashar da ba ka da bizarta sai ka yi zamanka a jirgi. Kamfani yana iya hana ka hawa tun ranar farko. Ka tabbatar kuma fasfon yana da sauran wata shida bayan ranar dawowa.

Sayi inshorar tafiya wadda ta haɗa da jinya da ɗauko mara lafiya. Asibitin jirgi kuɗi ne, asibitocin kuɗi na tsibirai kuma sukan nemi a biya kafin a taɓa mutum.

Sai lokacin shekara. Damina mai guguwa a tekun Atlantika tana farawa 1 ga Yuni ta ƙare 30 ga Nuwamba, kuma ta fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Tikiti yana sauƙi a lokacin, amma kyaftin yana iya sauya hanya a dare ɗaya. Aruba da Boner da Kurasawo suna can kudu kusa da Benezuwela, guguwar ba ta cika bi ta kansu ba.

Abu na ƙarshe, duba jirage nawa ne za su tsaya tare da naku a ranar. Ana wallafa jadawalin tashoshi a intanet. Nasso ta Bahamas da Kozumel ta Meziko sukan karɓi jirage biyar ko shida a yini, kuma jirgi irin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 shi kaɗai. Ranar da aka yi irin wannan cincirindo, sanannen bakin teku kasuwa yake komawa.

2. Zaɓi abu ɗaya

Ba a tauna taura biyu. Babban abu guda a kowace tasha, da ɗan ƙarami a kusa da jirgi in lokaci ya ragu. Wanda ya ce zai hau dutse, ya yi iyo, ya zaga kasuwa, ya ga gidan tarihi, yininsa a kujerar mota zai ƙare.

Hanyoyin fita uku ne. Akwai yawon da jirgi da kansa yake sayarwa. Ya fi tsada, kuma za a cusa ku arba'in a bas, a tsaya da ku a shagon da ba ka nema ba. Amma da shi kake sayen abu ɗaya mai daraja: in motarku ta makara, jirgi zai jira, in kuma jiran bai yiwu ba kamfani ne zai kai ku tasha ta gaba. Akwai masu shirya yawo na gari da ake kama wa wuri ta intanet, waɗanda sukan fi sauƙi kuma ba su tara jama'a. Sai kuma fita da ƙafarka ko da tasi.

Ƙa'idata ita ce nisa. Duk inda sai an ƙara shiga wani jirgin fito, ko tafiyar ta haura awa guda, ta hannun jirgi nake biya. Misali, daga Kozumel zuwa kufan tsohon garin al'ummar Maya da ke Tulum, sai an tsallaka zuwa Playa del Carmen a jirgin fito na kusan minti 45, sannan a hau mota. Abu biyu ke nan da za su iya ɓata maka lissafi, a zuwa da dawowa. Haka daga Kastris zuwa duwatsun Piton na Sen Lusiya: a taswira kamar ka miƙa hannu, amma hanyar kwana ce a kan kwana cikin tsaunuka, ta fi awa guda, kuma mota ɗaya in ta lalace ta tare kowa.

Wasu tashoshin kuwa asara ce ka biya kowa. A tsohon garin San Juwan, daga jirgi ƙafa za ta kai ka ganuwar El Morro da Sifaniyawa suka fara ginawa a 1539. A Nasso, ƙafa za ta kai ka matakalar nan mai hawa 66 da bayi suka sassaƙa cikin dutse a shekarun 1790, da kasuwar kayan saƙa, da bakin tekun Junkanoo. Wilemstad ta Kurasawo ma haka take.

In mai shirya yawo na gari ka zaɓa, tambayoyi uku kafin kafin-alƙalami: ƙarfe nawa zai dawo da kai, da agogon wa, kuma zai maido maka kuɗinka in jirgi bai tsaya ba?

3. Daren jajibiri: lissafi daga baya

A nan ne mutane suke faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe.

Lokacin tashin jirgi daban, lokacin rufe ƙofa daban. Yawanci ana son kowa ya shiga rabin awa kafin tashi. In an ce tashi ƙarfe 5:00, to 4:30 ne lokacinka, ka manta da 5:00 ɗin gaba ɗaya. Daga nan sai ka cire awa guda ta ko-ta-kwana, ya zama 3:30 kana bakin tasha. Sannan ka ninka tafiyar safe sau biyu: bakin tekun da ka je cikin minti 30 da safe, ba shi awa guda da yamma, domin dubban mutane lokaci ɗaya suke juyowa, ga 'yan makaranta, ga masu tashi daga aiki, a kan titi ɗaya siriri. Wato 2:30 kana cikin mota. Wannan 2:30 ɗin, ita ce lambar da za ka riƙe a kai, kuma kowa a cikin tawagarku ya san ta.

Sai maganar agogo. Akwai agogon jirgi, akwai agogon gari, kuma ba kullum suke daidaita ba. Wani kyaftin yana sauya agogon jirgi ya bi na kowace tasha, wani yana barin sa a kan na inda aka taso. Jihar Fulorida, inda jirage da yawa suke tasowa, tana tura agogonta gaba da awa ɗaya daga Maris zuwa farkon Nuwamba. Kozumel da Jamaika da Giran Kayman ba sa yin haka. Saboda haka a waɗannan watanni, in jirginku ya riƙe agogon Fulorida, gari yana bayansa da awa guda. Wayarka kuwa da zarar ta kama layin gari sai ta sauya da kanta ba ta yi maka sallama ba. Tana nuna 3:30, kana shan ruwan kwakwa hankali kwance, alhali a jirgi 4:30 ta yi, ana naɗe gadar shiga.

Wannan ya taɓa kusan ci da ni a Kozumel. Abin da ya cece ni wata dattijuwa ce a teburin kusa da namu, sanye da irin katinmu a wuya, da na ga ta miƙe tana tattara kaya cikin gaggawa. Tun daga ranar agogon allura nake ɗaurawa, in saita shi da allon da ke bakin ƙofar fita. A watannin sanyi abin yana juyawa a gabashin Karebiyan: Sen Tomas da Barbados suna gaban Fulorida da awa ɗaya, sai dai ka dawo da wuri. Amma ka lura, mai yawon da kuka yi alkawari da shi da agogon gari yake aiki.

Kafin ka kwanta, sauke taswirar tsibirin a waya yadda za ta buɗe ba tare da data ba, ka cika batir, ka haɗa jaka. Muddin kuna kan teku wayar ta zauna a yanayin jirgin sama, don layin da jirgin ruwa yake bayarwa ta tauraron ɗan'adam tsadarsa ba a magana.

4. Sauka

In jirgi ya jingina da gaɓa, abin da sauƙi: a jira hukuma ta ba da izini, a bi layi, a duba kati, a fita. Minti 30 na farko cunkoso ne. Ko dai ka kasance a sahun gaba, ko ka yi karin kumallo a tsanake ka fita bayan an rage.

In kuwa babu gaɓar da za ta ɗauke shi, kamar a Giran Kayman, ko Kona ta Hawai, ko Moorea kusa da Tahiti, sai ya jefa anga daga nesa a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage, wani lokaci ma da jiragen ceton da ke rataye a gefensa. A nan sai ka karɓi lamba, kuma waɗanda suka sayi yawon jirgi su ake fara ɗauka. Kada ka yi wa mai yawo na gari alkawarin ƙarfe 8 a irin wannan tasha. Ba shi aƙalla awa ɗaya da rabi bayan isowa. Mai jiri ya sha magani tun kafin ya shiga, don ƙaramin jirgi yana rawa ba kamar babba ba. Wajen taka ƙafa daga wannan zuwa wancan, saki jakar, miƙa wa ma'aikaci hannu, ka jira sai ya ce taka. Tambayi lokacin jigila ta ƙarshe; shi ne lokacin rufe ƙofarka a ranar.

Da ka fito, juya ka ɗauki hoton allon lokaci da sunan gaɓar. Kozumel tana da gaɓa uku, Punta Langosta a cikin gari, sauran biyun can kudu. Sen Tomas tana da Havensight da Crown Bay, ɗaya a gabashin gari ɗaya a yamma. In ka ce wa direba ya kai ka tasha kawai, to ka ba shi zaɓi.

5. Tasi da kuɗi

A yawancin tsibiran nan tasi ba ta da mita. Farashi a ƙayyade yake, kuma sau da yawa akwai allonsa a bakin tasha, ɗauki hotonsa. Kafin ka sa ƙafa a mota ka tsayar da abu uku: kuɗin na mutum ɗaya ne ko na mota, na zuwa ne kaɗai ko har da dawowa, kuma dalar wace ƙasa. Wani direba ya taɓa ce mana ashirin, mu huɗu muka shiga muna murna, da aka isa ashe ashirin-ashirin ne, kuma zuwa kawai. Bai yi ƙarya ba, mu ne ba mu tambaya ba.

Dala suna ne da ya tara 'ya'ya. Ta Bahamas daidai take da ta Amurka. Ta Barbados biyu ne a ɗaya. Ta gabashin Karebiyan, wadda ake kashewa a Sen Lusiya da Antigwa da Giranada, 2.70 ne a ɗaya, wato abin da aka rubuta 27 dala 10 ne na Amurka. Ta Kayman kuwa ta fi ta Amurka nauyi, ɗaya tana kusan 1.20, don haka kuɗin da ka gani a takardar abinci sai ya ƙaru in ka zo biya. A Matinik da Gwadalub yuro ake so. Kusan ko'ina ana karɓar dalar Amurka, amma canji da kuɗin gari ake ba ka, shi ya sa na ce ƙananan takardu. Tukuici ma da su ake bayarwa.

Hau motar da ke da rajista. A Jamaika, motar haya ta halal jar lamba gare ta. In kun yi da direba zai dawo ya ɗauke ka, kada ka biya kuɗin dawowa sai ya dawo, ka karɓi lambarsa, ka kuma sa masa lokaci minti 15 kafin wanda kake nufi. In bai zo ba, kada ka tsaya jiran alkawari, hau wata.

Hayar babur ba na ba da shawararta. Yashi a kan kwalta, hanyar da ba ka sani ba, kuma inshora da yawa ba ta biyan wannan hatsarin. Mai son hayar mota ya sani a Jamaika, Barbados, Bahamas da Kayman hannun hagu ake bi. A Sen Tomas ma hagu ake bi, amma da motoci irin na Amurka masu sitiyari a hagu, abin da ke rikita ko da tsohon direba. Wasu wuraren, kamar Sen Lusiya da Antigwa, sai ka sayi lasin na wucin gadi. Ko a ƙafa kake, duba ɓangare biyu kafin ka tsallaka.

6. A bakin teku

Ranar tsibiri mayaudariya ce, iskar teku tana kaɗawa ba ka jin zafinta sai dare, ka kasa kwanciya a kan bayanka. Baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman kafaɗa da ƙeya da bayan ƙafa. Shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama kafin ka bar jirgi, ka sake bayan kowace awa biyu da kuma bayan fita daga ruwa. Karanta bayan kwalbar tun a shago: Hawai ta hana sayar da mai ɗauke da oxybenzone da octinoxate tun 2021, tsibiran Bajin na Amurka da Palawu kuma tun 2020, saboda suna cutar da murjani, wato halittun nan masu kama da dutse da ke girma a ƙarƙashin teku. Nemi mai zinc oxide. In ba ka samu ba, rigar iyo mai dogon hannu ta rage maka rabin aikin.

Kafin ka zauna a kujerar bakin teku ko ƙarƙashin laima, tambayi kuɗinta. Kafin ka shiga ruwa, dubi tuta. Ja tana nufin a'a. Gaɓar yamma ta yawancin tsibiran Karebiyan a kwance take, ta gabas mai fuskantar Atlantika kuwa igiyarta ba ta wasa, kuma can ne ciyawar teku mai ruwan ƙasa, wadda ta addabi yankin tun 2011, ta fi taruwa tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ka ji ruwa yana jan ka ciki, kada ka yi kokawa da shi ka nufi tudu kai tsaye, ƙarfinka zai ƙare. Yi iyo a gicciye, ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga bakinsa, sannan ka juyo. Wanda bai iya iyo ba ya faɗa ba kunya, ya sa rigar ceto, ko da ruwan iya ƙirji ne.

Mai leƙen kifi da tabarau da bututun numfashi ya fara gwadawa a inda ƙafarsa take taɓa ƙasa. Kada ka tsaya a kan murjani, kada ka taɓa komai. Akwai murjanin wuta mai ƙuna kamar garwashi, akwai bushiyar teku mai baƙaƙen ƙayoyi da ke karyewa a cikin tafin ƙafa. A inda kunamar teku, wani faffaɗan kifi mai harbi da wutsiya, take kwanciya cikin yashi, ja ƙafa ake yi, ba a ɗagawa a taka.

Itace guda ɗaya ka sani: mancinil. Yana tsirowa a bakin teku a Karebiyan, inuwarsa mai kyau, 'ya'yansa kamar ƙananan tufa kore. Guba ne daga sama har ƙasa. Ruwansa yana tayar da bororo a fata, har ruwan saman da ya ɗigo ta ganyensa ma haka. A wurare da yawa ana shafa masa jan fenti a gindi, amma ba kowanne ba. Kada ka fake a ƙarƙashin itacen da ba ka sani ba, kuma ka ja wa yara kunne a kan tsintar 'ya'yan itace.

A bakin tekun Maho na Sen Martin jiragen sama suna wucewa dab da kan mutane za su sauka, abin kallo ne ƙwarai. Kalli sauka, amma ka nisanci shingen lokacin tashi. A 2017 iskar injin wani jirgi ta yi jifa da wata baƙuwa a wurin, ta rasu.

Kaya kuma, mutum ɗaya ya zauna da su, a riƙa karɓa-karɓa. In kai kaɗai ne, kati da kuɗi su shiga ruwa tare da kai a jakar wuya.

7. Ci da sha

Ci abin da aka dafa a gabanka yana tururi, a inda ka ga 'yan gari sun yi layi. Tituna biyu ko uku daga bakin tasha, abinci yana ƙara daɗi farashi yana sauka. Kifi ɗaya nake gudu, barakuda, da sauran manyan kifayen da ke farauta a cikin murjani, domin sukan tara wata guba da ake kira siguwatera wadda wuta ba ta kashe ta. Yi oda da wuri, kicin ɗin tsibiri ba ya sauri, kuma ka nemi takardar kuɗi tare da abincin in lokaci ya fara matsowa.

A yawon kwalekwale ana raba wani jan lemo kyauta. Yawanci da giyar rake a ciki, haka ma wani kek da ake sayarwa a matsayin tsaraba. Wanda ba ya sha ya tambaya kafin ya karɓa; kusan kullum akwai wanda ba a zuba wa ba. Ruwa kuwa ka yi ta sha tun kafin ƙishi ya zo. Sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, don haka man sauro ba na dare ba ne kawai, musamman in za ka shiga daji ko wurin gangarar ruwa irin Dunn's River ta Jamaika.

8. Kasuwa

Shagunan da ke cikin harabar tasha kusan iri ɗaya ne a kowane tsibiri. Abin gari yana waje: gyaɗar ƙamshi a Giranada, gahawar Blue Mountain a Jamaika, banila a Tahiti. A rumfunan kasuwa ana ciniki, a shago mai farashi a rubuce ba a yi. Wanda ya ɗaura maka abin hannu ya ce kyauta ne, ko ya ɗora maka aku a kafaɗa, kuɗi zai nema. Murmushi da a'a ɗaya sun isa, kana tafiya. Kada ka sayi abin da aka yi da ƙoƙon kunkurun teku ko murjani; kwastan suna ƙwacewa, wani lokaci har da tara.

Ka tuna garin mutane ka shigo. Kayan wanka na bakin ruwa ne, a sa riga kafin a shiga titi. Gaisuwa kafin tambaya tana buɗe ƙofa a duk Karebiyan. A ƙauyukan Fiji ana cire hula, a rufe kafaɗa da gwiwa. A Tonga doka ce ta rufe kasuwanci ranar Lahadi. Nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum.

9. Komawa

Lokacin da ka tsayar jiya da dare in ya yi, tashi, ko da ruwan ya fi kowane lokaci daɗi. Sayayyar ƙarshe ka yi ta a inda kake hango jirgi. A Wilemstad ka ƙara minti 20: gadar Sarauniya Emma, mai shawagi a kan ruwa tun 1888, tana buɗewa gefe in jirgi zai wuce, kuma in kana unguwar Punda da ke ɗaya tsallaken, sai ka jira ko ka hau ɗan jirgin fito na kyauta. Gaɓar kanta ma tafiya ce. A wasu tashoshin daga ƙofa zuwa jirgi minti 10 ne ko 15, ga layin binciken jaka. A tashar jigila kuwa layin awar ƙarshe yakan yi tsawo cikin rana, gara ka riga shi.

10. In abu ya ɓaci

Da ka ga alamar makara, kira wakilin jirgi nan take, kada ka bari sai ka iso. In kyaftin ya san kana minti 10 daga tasha yana iya ɗan jinkirtawa, ko da yake ba dole ba ne a kansa. In kuma ka iso ka tarar da ruwa fetal, nemi wakilin a ofishin tasha. A jirage da yawa, jami'an tsaro sukan buɗe akwatin ɗakin wanda bai dawo ba su bar masa fasfo a hannun wakili, shi ya sa ake ajiye shi a akwatin, ba a ƙasan jakar kaya ba. Wakilin zai taimaka da masauki da tikitin jirgin sama zuwa tasha ta gaba, amma daga aljihunka. Nan ne katin banki da maganin kwana biyu suke amfani. Ajiye kowane rasit saboda inshora.

Wani lokaci kuma tashar ce ake sokewa, galibi ta jigila in igiya ta yi ƙarfi. Yawon da ka saya a jirgi za a maido maka kuɗinsa kai tsaye. Na gari kuwa aika masa saƙo tun da safe, ka tuna masa da amsar da ya ba ka a tambaya ta uku.

In ka shiga ɗaki lafiya, ɗauraye takalmin ruwa da tabarau da ruwan famfo don gishiri yana cin su, shanya kayan wanka a igiyar banɗaki ba a baranda ba saboda iska, mayar da tawul a goge shi daga katinka. Takardar gobe tana nan a kan gado. Duba ko an ce a sauya agogo yau da dare kafin ka fita cin abinci.